Iska Mai Sanyi da Ƙarfin Doki: Yadda Injin Mota Yake Numfashi a Ƙasar Gwandu



An nemi in yi bayani a kan wani al'amari da ya shiga bakin samari masu mota a 'yan shekarun nan, watau gyare-gyaren da ake yi wa inji don ya riƙa shaƙar iska mai sanyi, ƙarfinsa ya ƙaru. Wataƙila wani ya ce ina ruwan ɗalibi da wannan magana, shi da ko keke bai mallaka ba? To, ɗalibin yau shi ne ma'aikacin gobe, kuma bayan aure da muhalli babu abin da ƙaramin ma'aikaci ya fi sa wa rai kamar mota. Sau da yawa da bashi ake sayenta, ko da adashin shekaru, kuma in injin ya mutu bashin ba ya binsa kabari.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca guda ɗaya ne. Maganar cewa iska mai sanyi tana ƙara wa inji ƙarfi gaskiya ce, ilimin kimiyya ya tabbatar da ita. Amma hanyar da aka fi bi wajen neman wannan sanyi an tsara ta ne a ƙasashen da ba su san zafin bazararmu ba, ba su san ƙurar hunturunmu ba. Wanda ya kwafo ta ido rufe ya kawo ta Kalgo, yana iya rasa ido garin neman gira.

MENE NE ƘARFIN DOKI?

Mutanen ƙasar nan ba baƙin doki ba ne. Tun 1805 da jama'ar Shehu Usmanu suka sauka Gwandu, har garin ya zama cibiyar yammacin daula a hannun Abdullahi ɗan Fodiyo, doki ne abin hawan sarauta da yaƙi da aike, kuma har gobe shi ne ƙawar hawan salla. Kowane barga ya san cewa dokin da aka sukwana da sanyin safiya ba ɗaya yake da wanda aka sukwana da tsakar rana ba.

Shi kuwa ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, wani injiniya ne ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Watt ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da yake son ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu dawaki nawa injinsa na tururi zai maye gurbinsu. A lissafin yau, ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746. In kuna son ku gan shi da ido, ku ɗauka an ɗaure buhu mai nauyin kilo 75 da igiya, ana jansa sama mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan aikin shi ne kimanin ƙarfin doki ɗaya. Ƙaramar mota irin Toyota Corolla mai inji lita 1.8 tana da doki wajen 130 a rubuce. Na ce a rubuce, domin kuwa kamfanoni suna auna injinansu ne a iska mai zafin digiri 20 ko 25 a ma'aunin Salsiyas. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a nan yakan kai digiri 40 har ya wuce, babu motar da ke ba da abin da aka rubuta a littafinta.

INJI MA NUMFASHI YAKE YI

Injin fetur na yau yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai matakai huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, haɗin ya kama, ya tunkuɗa fistin ƙasa. Sa'an nan fistin ya sake hawa ya kore hayaƙi ta salansa. Mataki na uku ne kaɗai ke ba da ƙarfi, kuma yawan ƙarfin ya dogara ne ga yawan man da aka iya ƙonawa a kowane bugu.

To, a nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Suna zaton mai shi ne abincin inji, saboda haka in an ƙara mai an ƙara ƙarfi. Duk wadda ta taɓa hura murhu ta san ba haka abin yake ba: in aka cusa itace aka toshe iska, hayaƙi za a samu, tuwo ba zai nuna ba. Wuta ba ta ci sai da sinadarin oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska kilo 14.7. In muka juya wannan zuwa mudu, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska sama da lita 9,000. Watau motar da ta shanye tanki mai lita 50 ta shaƙi iskar da za ta cika ɗaki mai tsawon mita 15, faɗin mita 10, tsayin mita 3. Zuba mai a inji abu ne mai sauƙi. Shigar da isasshiyar iska ita ce wahalar da injiniyoyi suke fama da ita sama da shekara ɗari.

Girman silinda ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar da ta cika ta. Iska in ta yi zafi sai ta buɗe, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, kamar audugar da aka saɓa; in ta yi sanyi sai ta takure, kamar audugar da aka danna a buhu. A digiri 15, irin sanyin asubar watan Janairu, murabba'in akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe yana ɗaukar iska kimanin kilo 1.22. A digiri 40 kuwa, kilo 1.13 ne kawai. An rasa kashi 8 cikin ɗari ke nan. Ƙarfin inji ba ya faɗuwa daidai da haka, domin iska mai ɗumi ta fi saurin ratsa bawul, wannan yana rage hasarar. Ƙa'idar da masu awon inji suke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana cin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfi. Direbobin haya da ke cewa mota ta fi ja da asuba ba camfi suke yi ba. Haka nan wanda ya hau Jos, mai tudun sama da mita 1,200, yakan ji motarsa ta yi nauyi, domin can ma iskar ba ta da kauri, ko da yake dalilin daban ne.

Akwai kuma wata illa ta biyu. Iska mai zafi tana sa ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iske shi, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara, ta sanar da kwamfutar mota, ita kuwa ta jinkirta lokacin ba da wuta don kare inji. Kariyar tana aiki, amma da ƙarfin mota ake biyanta.

GYARAN DA AKE YAYI

Kowace mota tana zuwa daga kamfani da wani baƙin akwati na roba a gefen inji, wanda a cikinsa matatar iska take, abin da makanikai ke kira iyakilina. Daga akwatin akwai wani bututu da ya nufi goshin mota ko bayan fitila, inda yake zuƙo iskar waje. Gyaran da ake yayi shi ne a cire wannan akwati gaba ɗaya, a ɗaura wata matata mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, a bakin bututun ƙarfe mai ƙyalli. Da an taka totur sai inji ya yi gurnani, mai mota ya ji daɗi, ya ce ta buɗe.

Bari mu yi lissafi. Da farko dai, babu wani bututu a duniya da zai sa iska ta fi ta waje sanyi. Iyakar ƙoƙarinsa ya hana ta ƙara zafi a hanya. Akwatin kamfani kuwa ya riga ya yi mafi yawan wannan aiki. Mu ɗauka an yi sa'a gyaran ya rage digiri 10. Ribar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, watau ƙasa da doki uku a motar da ke da 130. Saboda turjiyar iska tana ƙaruwa ƙwarai da ƙaruwar gudu, doki ukun nan ba za su ƙara wa iyakar gudun mota ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. A tafiyar awa guda, abin da aka rage bai cika minti ɗaya ba.

Wannan in an yi sa'a ke nan. Abin da ya fi faruwa shi ne a bar mazurarin a buɗe cikin ɗakin inji, kusa da lagireto da bakin salansa, inda zafi kan kai digiri 60 zuwa 70 in mota tana tafiya a hankali, kamar a cunkoson ranar kasuwar Jega. A nan injin ya daina shaƙar iskar waje, ya koma shaƙar tururin jikinsa. Maimakon ribar doki uku, an yi hasarar biyar ko shida, sai dai ƙarar ta rufe wa mai mota kunne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Hasara ta biyu ta fi wannan muni, ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza mana shi, ga kuma ƙurar hanyoyin ƙauye da ba a shimfiɗa wa kwalta ba. Babban kaso na wannan ƙura ɓarɓashin yashi ne, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya shiga inji ya gauraya da baƙin mai, sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin zoben fistin da bangon silinda a kowane bugu. Ku tuna da ɗakin iskar nan mai mita 15 da inji ke shaƙa a kowane tanki, sa'an nan ku tuna yadda kuke share tebur da safe ku tarar da shi fari fat da yamma. Matatar takarda mai kyau tana tare sama da kashi 99 cikin ɗari na ƙura. Matatun mazurari da yawa, musamman masu araha, suna samun sauƙin wucewar iska ne ta hanyar faɗaɗa ƙofofinsu, kuma ƙofar da ta faɗaɗa wa iska ta faɗaɗa wa yashi. Alamomin ba sa bayyana a wata ɗaya. Sannu a hankali mota za ta fara shan baƙin mai, ta fara shuɗin hayaƙi, ƙarfin matsi ya ragu, har ranar da bakanike zai ce sai an sauke inji. Bugu da ƙari, irin matatun da ake shafa wa mai sukan ɓata siririyar wayar da ke auna yawan iska, sai kwamfutar mota ta riƙa samun labarin ƙarya, ta ba da mai ba bisa ƙa'ida ba.

Hasara ta uku ta damina ce. Masu son su kauce wa zafin ɗakin inji sukan sauko da bakin bututu ƙasa, bayan bamba, kusa da taya. A ƙasar da ba ta da kwazazzabai wannan dabara tana da ma'ana. Amma mu a bakin fadama muke, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan, ya san yadda ruwa ke hawa kan titi cikin dare ɗaya. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In inji ya zuƙi ko kofi ɗaya yana cikin gudu, fistin zai hau ya tarar da bango, sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye nan take.

DARASI DAGA PEUGEOT 504

Iyayenmu ma'aikata sun taɓa shiga irin wannan hali na sabuwar mota. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, kuɗi suka shigo hannun ma'aikata, kuma a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Fijo 504 ta zama motar ofis, motar haya, motar asibiti, tun muna cikin Jihar Sakkwato har bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A shekarar 1975 ɗin nan dai, 504 ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, ɗaya daga cikin tsere mafi ƙura da taɓo a duniya.

Abin lura shi ne, 504 ba ta yi suna don yawan doki ba. Ƙananan motocin yau da yawa sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta yi suna ne don an shirya ta daidai da hanyar da za ta bi. Motocin da aka tanada don ƙasashe masu ƙura a wancan zamani, da Land Rover da taraktocin noma, da yawansu suna ɗauke da matatar iska mai kwanon mai. Iska takan sauko da gudu ta nufi kwanon, ta yi kwana da sauri ta koma sama. Ƙura mai nauyi ta kasa kwanar ta faɗa cikin mai, ragowar kuma ta maƙale a wata ragar ƙarfe mai danshin mai. In kwanon ya cika laka sai a wanke a zuba sabo. Daga baya matatar takarda ta maye gurbinta, domin ta fi ta tace ƙananan ƙwayoyi. Darasin dai bai canza ba: waɗanda suka san Afirka, da suka zo zaɓe tsakanin ƙarin doki biyu da tsabtar iska, tsabta suka zaɓa. Dalilin ke nan da ya sa manyan motocin daji irin Land Cruiser ake sa musu dogon bututu da ya hau har gefen rufi, inda ƙurar taya da ruwan kwari ba sa kaiwa.

SANYIN ISKA DABAN, SANYIN INJI DABAN

A garejojinmu akwai wata al'ada da ta samo asali daga rikita waɗannan abubuwa biyu. Da mota 'yar Kwatano ta iso, sai a ce an yi ta ne don ƙasar sanyi, a cire mata tamostat, watau ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Iskar da inji ke shaƙa ita ake so da sanyi. Shi jikin inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95. In ya kasa kaiwa nan, kamar da safiyar hunturu, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu bai farka ba, ta yi ta ƙara masa fetur, fetur ɗin kuma ya wanke baƙin man da ke bangon silinda. Ga ɓarnar mai, ga cin ƙarfe. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ya wuce haka, wannan ɓarna ta daina zama ƙaramar magana. Motar da ke tafasa tana da dalili: lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Dalilin ya kamata a nema.

Inda sanyaya iska ke da babbar riba shi ne injin da ke da tabo, na'urar da Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905. Hayaƙin salansa ne ke juya wata farfela sama da sau 100,000 a minti, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Amma duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, kamar yadda gindin famfon keke ke ɗumi a hannu. In aka ninka matsin iskar da ta shigo a digiri 40, tana iya fitowa sama da digiri 130. Shi ya sa ake ratsa da ita ta wani lagireto na iska, a gaban na ruwa, wanda ke sauko da ita zuwa wajen digiri 60 ko 70. Wannan ragi na digiri sittin ko fiye shi ne ainihin gyaran sanyin iska, kuma yana nan a kan tirelolin da ke ɗaukar shinkafa da albasa daga jihar nan, da motocin dizal irin Hilux na ma'aikatu. Abin takaici, sau da yawa za ka tarar da fuskarsa ta toshe da laka da ƙwari da ƙaiƙayi, ko tiyonsa ya tsage an ɗaure da roba, mota tana tafe tana baƙin hayaƙi. Wanke wannan lagireto da ɗaure tiyonsa yana mayar da ƙarfin da babu wani mazurari mai ƙyalli da zai iya bayarwa.

ABIN DA YA DACE MAI MOTA YA YI

Na farko, a bar akwatin kamfani inda yake, a duba shi da kyau. Motoci da yawa da suka sha hannu za ka ga murfin ya fashe, ko maƙallansa sun ɓace, ko bututun da ke zuwa goshin mota an jefar da shi. Mayar da wannan bututu shi ne gyaran sanyin iska mafi araha kuma mafi amfani.

Na biyu, a duba tiyon da ke tsakanin akwati da inji. Tsaga ɗaya a nan tana shigar da ƙurar da ba ta bi ta matata ba. In ka shafa yatsa a cikinsa ka ga ƙasa, to injinka yana cin yashi.

Na uku, a riƙa duba matata akai-akai a lokacin hunturu, kada a jira adadin kilomitar da littafi ya faɗa, domin littafin ba da hanyar Bunza ko ta ƙauyukan Gwandu aka rubuta shi ba. Kada kuma a kai ta wurin mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi, don yakan huda takardar inda ido ba ya gani. Sabuwa mai kyau ta fi, araha ba ta ado.

Na huɗu, masu tsofaffin motoci masu kabureta su sani cewa da yawa daga cikin na Turai suna da wata 'yar ƙofa da ke zuƙo iska mai ɗumi daga saman salansa, don kada ƙanƙara ta kama kabureta a lokacin sanyinsu. A nan ba a bukatarta. A tabbatar ƙofar tana kan ɓangaren iskar waje.

Na biyar, wanda ya nace sai ya yi gyara, to ya killace matatar da garkuwa tsakaninta da zafin inji, ya jawo mata iska daga goshin mota, ya bar bakinta sama da tsayin taya. Ya kuma tuna cewa ƙa'idar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a awa a kan babban titi, 100 a kan tagwaye, kuma nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita a gudun 120 ya ninka na gudun 80 fiye da sau biyu. Taya da birki sun fi cancantar kuɗin nan.

Wannan ilimi bai tsaya ga mota ba. Injin ban ruwa da ke fadamunmu, wanda noman rani ya dogara gare shi, musamman tun bunƙasar noman shinkafa bayan 2015, shi ma numfashi yake yi. Manomin da ya cire soson matatarsa don ya ƙara ja, ko ya ajiye shi cikin rami inda yake sake shaƙar zafin kansa, yana rage masa kwana ne. Haka janareta: tana son inuwa da sarari, kuma rufe ta a ɗaki, ban da rage mata ƙarfi, hayaƙinta yana kashe mutane suna barci.

KIRA GA ƊALIBAI

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wannan yanki ya sami ɗaruruwan matasa masu karatun kimiyya a tsakiyar direbobi da manoma da makanikai. Alƙaluman da na kawo muku na ƙa'idar kimiyya ne, ta ko'ina. Waɗanda suka shafi hanyoyinmu ku ne za ku samar da su. Kuma aikin ba shi da tsada. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur da aka sayar a Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka ƙaramar na'ura ta aiko wa wayar hannu zafin iskar da inji ke shaƙa a kowace daƙiƙa. Ɗalibai uku da mota ɗaya suna iya bin hanyar Kalgo zuwa Jega da asuba da kuma azahar, a Janairu da kuma Afrilu, da akwatin kamfani da kuma mazurari, su rubuta abin da suka gani. Suna iya auna nauyin sabuwar matata, su sake aunawa bayan kilomita 1,000 na hunturu, su gaya mana giram nawa na ƙura motar Gwandu ke shaƙa.

Akwai ma tambayar da ta fi wannan nisa. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda tsatsafar da ke bushewa a jikinta tana tafiya da zafi, kuma dabarar ta fi aiki inda iska ta bushe, kamar tamu a Fabrairu da Maris. Da ita Malam Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan miya a Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Da ita kuma aka ƙara wa jiragen yaƙi ƙarfi a Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar fesa ruwa cikin iskar da injinsu ke shaƙa, kuma wasu motocin tsere suna fesa ruwa a kan lagireton iskarsu. Ko za a iya yin irin wannan, cikin sauƙi da araha, ga tirela ko babbar janareta a bazarar Kebbi? Wannan aikin kammala digiri ne da ke jiran mai shi.

In kun samo sakamako, kada ku bar shi a kabad ɗin sashe. Ku kai shi gareji, cikin ladabi, domin bakaniken da ya shekara talatin yana sauke inji ya ga abin da ba ku gani ba, ku kuma kuna da ma'aunin da ba shi da shi. Ku rubuta shi da Hausa, yadda direba da yaron mota za su karanta.

Malam Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.